Kwandon Hannun Jari: Darasin Farko Ga Ɗan Koyo

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Mile 12 a nan Legas ya san bambancin mai sayen tumatir zalla da wanda aka haɗa wa kayan miya a kwando guda, wato tumatir da tattasai da attarugu da albasa. Idan tumatir ya ruɓe, na farkon ya tashi a tutar babu, na biyun kuwa ko yaya ne zai ɗora tukunya. A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai wani nau'in jari mai kama da wannan, wanda ake taƙaita sunansa da ETF. Ni dai na laƙaba masa "kwandon hannun jari", kafin masu ƙirƙirar kalmomi su samo wanda ya fi shi.

Ma'anarsa da asalinsa

Kwandon hannun jari asusu ne da wani kamfani ke haɗawa, ya sayi hannayen jarin kamfanoni da dama, ko zinariya, ko takardun lamuni, sannan ya kasa shi ƙanana-ƙanana a riƙa saye da sayarwa a kasuwar hannun jari duk lokacin da take ci. Yawanci kwandon kan bi wani ma'aunin kasuwa ne sau da ƙafa. An fara irinsa a Toronto ta ƙasar Kanada a 1990, amma wanda ya yi fice shi ne SPDR da kamfanin State Street ya fitar a Amurka a watan Janairun 1993, mai bin ma'aunin S&P 500, wanda ya ƙunshi manyan kamfanonin ƙasar kimanin 500. A Nijeriya sai a 2011 aka shigar da na farko, wato NewGold na zinariya. A 2014 aka sami Vetiva Griffin 30, da kuma Lotus Halal, wanda ke kauce wa kamfanonin giya da caca da masu mu'amala da kuɗin ruwa.

Dabarun ɗan koyo

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce sayen kaɗan-kaɗan a kai a kai. A misali, mutum ya ware naira 10,000 duk wata. A watan farko kaso ɗaya naira 100 ne, ya sami 100. A na biyu farashi ya faɗi zuwa 80, ya sami 125. A na uku ya haura 125, ya sami 80. Ke nan ya mallaki kaso 305 a kan naira 30,000, kowane ɗaya ya zo masa a kan naira 98 da 'yan kwabbai, alhali matsakaicin farashin watannin uku ya zarce 101. Dalili shi ne kuɗinsa kan sayo da yawa a lokacin araha, kaɗan a lokacin tsada, ba tare da ya yi duba ba. Sai dai a lura, wannan ba ya hana hasara idan kasuwa ta yi ta gangarawa ba ta dawo ba.

Abokiyar tafiyarta ita ce haƙurin riƙo. A 2008 ma'aunin S&P 500 ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na darajarsa, haka kuma ya sake yin irin wannan faɗuwa cikin makonni biyar kacal a farkon 2020, lokacin annobar korona. Duk biyun ya farfaɗo daga baya, ko da yake na 2008 sai da ya ɗauki shekaru. Wanda ya tsorata ya sayar a tsakiyar faɗuwa shi ya kwana ciki. Saboda haka kuɗin makaranta ko na haya ba su da wurin zama a wannan kwando.

Akwai kuma masu saye da safe su sayar da yamma. Ba na ba ɗalibi shawarar wannan, domin la'adar dillali kaɗai ta isa ta cinye ɗan abin da ya samu.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne kan yadda ake ba dillali umarni. A kowane lokaci farashi biyu ne a kasuwa: tayin mai saye da kuma inda mai kaya zai sallama. A kwandunan da ake ciniki sosai ratar da ke tsakaninsu 'yar kaɗan ce, amma a waɗanda ba a cika taɓawa ba, kamar wasu na kasuwarmu, takan yi faɗi. Ni kaina a sayena na farko cewa na yi a saya mini a duk yadda aka samu. Da na duba takarda, sai na tarar na biya sama da abin da na gani a allo, kuma sai da na yi watanni kafin farashi ya kamo inda na saya. Laifina ne. Da na sa iyaka, na ce kada a wuce kaza, da ko dai a samu a haka ko a fasa. Amurkawa ma sun ɗanɗana wannan a ranar 24 ga Agustan 2015, inda wasu kwanduna suka faɗi ƙasa da darajar kayan da ke cikinsu jim kaɗan bayan buɗe kasuwa, masu umarni marar iyaka suka sayar a wulaƙance.

Bugu da ƙari, a yi hattara da kwandunan da ke alkawarin ninka motsin kasuwa na kowace rana. Idan ma'auni ya tashi da kashi 10 cikin ɗari yau, gobe ya sauka da 10, naira 100 ta koma 99. A kwando mai ninki biyu kuwa za ta hau 120 sannan ta sauko 96.

Kafin mutum ya miƙa ko sisi, ya tabbatar dillalinsa na da rajista da hukumar SEC, an buɗe masa asusu da sunansa a CSCS, sannan ya karanta takardar kwandon ya ga me aka zuba a ciki da kuma kashi nawa masu kula da shi ke cira duk shekara.