Filin Kimiyya: Me Ya Sa Lalle Yake Kamawa?

 Darasinmu na wannan mako a kan lalle yake, wannan ɗan itacen da muke gani a bakin gonaki da bayan gidaje a ƙasar Ɗambatta, Bichi da Kunchi. Kowa ya san shi a biki da salla, amma kaɗan daga cikinmu suka taɓa tambayar dalilin da ya sa koren ganye yake barin ja a fata.

Masana tsirrai suna kiransa Lawsonia inermis. A cikin ganyensa akwai wani sinadarin rini mai suna lawson, wanda da ƙyar yake kai kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshen ganye. Muddin ganyen yana nan lafiya ƙalau, rinin a kulle yake. Ko mun goga shi a hannu ba abin da za mu gani. Sai an daka, an kwaɓa da ruwa, an bar shi ya jiƙa na wasu sa'o'i, sannan yake fitowa. Ɗan tsami yana taimaka masa, shi ya sa iyayenmu mata suke matsa lemon tsami a kwaɓin.

Da ya fito, sai ya nemi keratin, wato sinadarin da aka gina saman fata da gashi da farce da shi, ya manne masa. A nan ne amsar tambayoyi da yawa take. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi ko'ina kaurin fata, don haka can lalle ya fi yin duhu. Ƙunshi kuwa, ko da ganye da tsumma, ko da leda, ko a cikin zunguru irin na kakanninmu, aikinsa shi ne riƙe danshi da ɗumi har rinin ya shiga sosai. Idan aka kankare, da farko ruwan goro ne, sai iska ta ƙara masa duhu cikin kwana ɗaya ko biyu. Bayan mako biyu zuwa uku ya koɗe, domin fatar sama tana zubewa sabuwa na maye gurbinta. A farce kuwa yana nan daram har sai farcen ya tsiro an yanke.

To, ga inda muke so 'yan uwanmu mata su buɗe kunne. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi nan take. Wanda ake zanawa ya yi baƙi wuluk cikin rabin sa'a, galibi an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD. A jikin wasu yana jawo ƙaiƙayi, kumburi da ƙuraje masu ruwa, wani lokaci sai bayan kwanaki, kuma zanen yana iya komawa tabo. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, da wuya ya sake karɓarsa har abada, ko a rinin gashi ne. A ganinmu adon kwana goma bai kai a yi masa wannan kasada ba. Shi kansa jan lalle bai dace da jarirai ba: akwai yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, abin da ba baƙo ba ne a Najeriya, kuma lalle yana iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini.

Ta fuskar sana'a ma akwai abin dubawa. Garin Sojat na jihar Rajastan a Indiya ya yi suna a duniya da garin lalle, alhali itacen nasu irin namu ne. Bambancin yana wajen sarrafawa. A shanya ganye a inuwa bisa tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba, domin rana tana ƙona launinsa, yashi kuma yana ɓata shi. A tsince itatuwa, a daka, a tankaɗe sau biyu ko uku da rariya mai laushi, a ɗura a mazubin da iska da haske ba sa shiga. Mai son ya sa wa kayansa suna ya kai shaguna, sai ya yi rajista da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, domin kayan kwalliya ma suna ƙarƙashinta. Itacen kuwa ba ya cin fili, abin da ya dace da mu da gonakinmu suka matse: yana jure fari, ana dasa reshensa ya kama, ya zama shinge.

Ga gwajin da kowane aji zai iya yi kafin fitowarmu ta gaba. A kwaɓa lalle, a shafa wa farin ƙyallen auduga rabi, a shafa wa wankakken farin gashin tunkiya ko akuya sauran, a bar su su kwana, a wanke. Gashin keratin ne, audugar kuwa ba shi ba ce. Ku rubuto mana wanda ya fi kamawa, ku miƙa wa wakilin ƙungiya na ajinku, za mu manna sakamakon a wannan allo.