Kyanwa, Gwangwani da Al'adar Ajiya a Yankin Funtuwa da Malumfashi

A yankin noma na kudancin Jihar Katsina, daga Funtuwa da Ɗandume zuwa Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi, kyanwa ma'aikaciya ce tun kafin ta zama abar sha'awa. Ana riƙe ta saboda rumbu da sito, inda masara da dawa da waken suya ke kwana daga kaka har damina ta kewayo. Wannan maƙala ta dubi wani ɗan lamari da nazarin al'adun ajiya bai cika waiwaya ba, wato yadda ake yi da ragowar abincin gwangwani da ake ba wannan dabba. Abincin kyanwa na musamman irin su Whiskas kayan manyan kantunan birane ne. Wanda kyanwar manomi ta fi sani shi ne kifin gwangwani irin su Titus da Geisha, idan mutanen gida sun ci sun rage. Hukuncin ajiyarsu ɗaya ne, domin dukansu nama ne mai laima da aka dafa aka rufe.

Matsayin kyanwa a gidan Bahaushe yana da tushe a addini. Hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya nuna cewa ruwan da kyanwa ta sha ta rage ba najasa ba ne, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Ke nan fiƙihu ya daɗe da warware batun ragowar kyanwa ga mutum. Ragowar mutum ga kyanwa kuwa an bar wa al'ada, ita kuma al'ada takan miƙa mata abin da aka fara shakkarsa.

Hikimar ajiya ta Bahaushe ta ginu ne a kan raba abinci da ruwa ko mayar da shi kan wuta. Kilishi da bandataccen kifi da kauɗa da busasshiyar kuɓewa da ƙanzo duk rana ko hayaƙi ne ke tsare su. Tuwon da ya kwana kuma ɗumame ke ceto shi. Harshen ma ya tanadi kalmomin gane ɓaci: abu ya yi tsami, ya yi bashi, ya yi yauƙi, ya yi fumfuna. Duk waɗannan ma'aunai ne na hanci da ido da harshe, kuma sun wadatar ga irin abincin da suka taso tare da shi.

Gwangwani ya zo da wata dabara dabam. Tun daga aikin Nicolas Appert a Faransa da lasisin Peter Durand a Ingila, duka a 1810, sirrinsa shi ne a rufe abinci ruf, a dafa shi a rufe. A yau ana kai nama da kifi zafin da ya kai kimanin digiri 121 a ma'aunin Salshiyos. Kariyar tana cikin rufin ne, don haka da an ɓalle murfi ta ƙare. A nan ne fahimta ke karkacewa. Abin da ya shekara a kanti bai lalace ba, zuciya takan ɗauka zai iya ƙara kwana ɗaya a kan taga, alhali daga wannan lokaci ya koma dafaffen kifi kamar kowane. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Ƙa'idar da masana tsaftar abinci suka saba bayarwa ita ce kada irin wannan abinci ya wuce awa biyu a waje, ko awa ɗaya idan zafi ya haura digiri 32, abin da ranakun bazara a Funtuwa ke wucewa ba da wahala ba.

Wani abin lura shi ne ɗumame ba ya magance komai a nan. Kifi irin sadin da ya jima a zafi yana tara wani sinadari mai suna histamin, wanda wuta ba ta kashe shi, kuma yana iya taruwa tun kifin bai yi bashi ba. Ma'aunin hanci da dabarar wuta, ginshiƙan tsohuwar hikima, duka biyu sun gaza a wuri ɗaya.

Inda akwai firiji kuma wuta ta tsaya, hanya a bayyane take: a juye ragowar a mazubi mai murfi, a sa a sanyi nan take, a ƙarar cikin kwana biyu zuwa uku, a bari sanyin ya sake ta kafin a ba kyanwa. Juyewar tana hana ɗanɗanon ƙarfe, tana kuma raba dabbar da kaifin bakin gwangwani. To amma gidaje da yawa a karkarar yankin ba su da wannan gata. Randa cikin randa mai jiƙaƙƙen yashi, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana tsawaita kwanan tumatir da gauta, sai dai sanyinta bai kai wanda kifi ke buƙata ba. Abin da ya rage wa mai rumbu shi ne ya daidaita saye da ci: ƙaramin gwangwani, a buɗe a raba a cinye a zama ɗaya. Gwangwanin da ya kumbura ko yake yoyo kuwa ba na mutum ba ne, ba na dabba ba ne, binne shi ake yi. Haka ragowar da aka riga aka haɗa da albasa ko tafarnuwa, domin suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Ɗan busasshen kifi marar gishiri ya fi dacewa da gidan da ba firiji, kuma ya koma kan dabarar da aka gada.

Akwai masu ganin yunwa ce ke sa kyanwa farauta, don haka ba su damu da abin da ta ci ba. Kyanwa mai ƙoshi ma tana farauta, kuma ita ce ke zama a gida, mai yunwa ko mai ciwon ciki takan bi maƙwabta. Sannan kaskon da aka bari da maiƙon kifi a gindin rumbu da dare gayyata ce ga wanda aka ɗauki kyanwar domin ta kora. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lamarin ya wuce asarar hatsi, tun da wani jinsin ɓeran gida ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, kuma fitsarinsa da kashinsa a kan abinci na cikin hanyoyin kamuwa. Saboda haka wurin cin kyanwa ya kamata ya yi nisa da rumbu, a ɗauke kaskon a wanke kafin magariba.