YADDA AKE KAFA BUKKA A DAJI DA WUƘA KAƊAI

A zamanin da, fataken da ke tafiya Gwanja sayen goro sukan yi watanni bisa hanya. In sun sauka zango, kafin rana ta faɗi kowa ya kafa 'yar bukkarsa da itace da ciyawar da ya tarar a wurin. Yau fatauci da jakuna ya ja baya, amma dare bai daina riskar mutane a daji ba. Maharbi yakan bi sawun nama har ya yi nisa da gari. Manomi mai gona nesa, rafi yakan kawo ya tare masa hanyar gida. Matafiyi kuma abin hawansa yakan lalace inda babu ƙauye kusa. To, wanda duk ya san abin da za mu faɗa cikin wannan darasi, in dai da wuƙa a ɗamararsa, ba zai kwana ruwa na dukansa ba.

Abu uku ke cutar mai kwanan daji: ruwa daga sama, iska daga gefe, da sanyin ƙasa daga ƙarƙashi. Kada ka raina su. Mutumin da tufafinsa suka jiƙe, iska kuma ta kwana tana busa shi, sanyi yana iya kai shi ga halaka ko da a ƙasa mai zafi irin tamu.

1. LOKACI

Da ka tabbata ba za ka kai gari ba, tsaya. Tsakanin la'asar da almuru bai fi sa'a 3 ba, aikin bukka kuwa yana cin kusan haka ga mutum ɗaya. A ƙasarmu in rana ta faɗi, ba a rabin sa'a duhu ya rufe. Wanda ya ce bari in ƙara taɓa tafiya kaɗan, shi ne kan yanki ciyawa da lalube, ya ɗora hannu bisa kunama.

2. ZAƁEN WURI

Wannan shi ne babban aiki, domin bukka mai kyau a mugun wuri ba ta da amfani. Nemi ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Ga wuraren da za ka guje wa:

Cikin ƙorama ko gindin kwari, ko da ka gan su a bushe, rairayi fari fat. Ana iya yin ruwa can nesa, kai ba ka ga ko ɗigo ba, tsakar dare ƙorama ta kawo ta tafi da kai.

Gindin doguwar itaciya wadda ke tsaye ita kaɗai a fili, domin irinta aradu ta fi faɗa wa. Haka kuma ƙarƙashin busasshen reshe, kada iska ta karyo shi.

Kusa da suri ko tarin duwatsu ko kogon itace. Macizai suna son tsohon suri, ƙudan zuma kuwa suna son kogon kuka.

Bakin fadama da kurmin rafi. Nan ne matattarar sauro mai kawo zazzaɓi, a waɗansu wurare kuma da tsando mai kawo ciwon barci. Ɗebo ruwanka da sauran rana, ka koma tudu.

Kan turbar dabbobi, musamman wadda ta nufi mashaya, da hanyar kwarkwasa.

In ka sami wuri, share shi da reshe mai ganye har ƙasa ta bayyana. Da sanda za ka juya duwatsu da kututture, kada ka sa hannu.

3. RIƘON WUƘA

Wuƙarka ita ce gatarinka, ita ce laujenka, saboda haka ka tattale ta. Kada ka haƙa ƙasa da ita, kada ka ɓanɓari abu da tsininta. Fiƙe sanda mai ƙarfi, ita za ta zama abin haƙa. In za ka yanki tsumagiya, tanƙwara ta da hannun hagu, ka sa kaifi a karkace daidai inda ta lanƙwasa. Za ka ga ta rabu nan da nan. In itacen ya yi kauri, ɗora kaifin a kansa, ka riƙa bugun bayan wuƙar da guntun ice, kana zagayawa. Kullum yankan ya nufi waje, kada ya nufo cinyarka. Da ka gama, mai da ita kube. Wuƙar da aka ajiye cikin ciyawa da magariba, sai da safe.

4. KAYAN AIKI

Tara kayanka duka kafin ka fara kafi.

Sanduna: nemi geza, domin tana lanƙwasa ba ta karyewa, shi ya sa ake saƙa kwando da ita. In babu, kowane ɗanyen ice mai laushi ya yi. Yanki 12 masu kaurin babban yatsa, tsawon kowace kamar ƙafa 8, da waɗansu sirara kamar 20 na tanka.

Igiya: ɗaye ɓawon kalgo, ka tsattsaga shi siri-siri. Kaba ma ta yi, haka ɓawon kuka. Daga rassa za ka ɗaye. Kada ka zagaye gindin itace da yanka, domin ta cikin ɓawo abincin itace ke bi, in ka yanke shi kewaye ka kashe itacen.

Abin baibaya: gamba, ko tofa, ko shuci, ko karan dawa in akwai tsohuwar gona kusa. In ciyawa ta yi wuya, rassan sabara da na kalgo masu ganye sun isa. Abin da ka ga kamar ya isa, ƙara biyunsa.

Tunfafiya da tinya kuwa bar su. Ruwansu fari in ya shiga ido yana yin ɓarna ƙwarai.

5. KAFI

Kwanta ƙasa ka auna tsawonka, ka ƙara kamu 1, sa'an nan ka zana da'ira mai wannan faɗi. Kada ka yi kwaɗayin babban ɗaki. Ƙaramar bukka ta fi saurin gamuwa, ta fi riƙe ɗumin jiki, iska kuma ba ta samun inda za ta kama ta.

Yanzu dubi inda rana za ta faɗi, can ƙofarka za ta fuskanta. Ga dalili. A ƙasar Hausa hadarin damina daga gabas yakan taso, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Bukkar da ta ba gabas baya ta tsira daga duka biyu.

Haƙa ramuka 12 bisa zanen, zurfin kowane taƙi 1, ka bar tazarar ƙofa wadda mutum zai shiga da rarrafe. Fiƙe gindin sandunan, ka kafa su, ka danne ƙasa da diddige. Sa'an nan ka kamo biyu masu fuskantar juna, ka lanƙwaso su, ka ɗaure kawunansu. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, kada ka fizga. Bi sauran haka bibbiyu har su haɗu a sama. Ka lura tsakiyar ta yi tsini. In kan bukka ya yi shimfiɗe kamar faifai, nan ruwa zai kwanta ya yi yoyo.

Daga nan sai tanka. Zagaye tsaikon da siraran sanduna hawa 4, daga ƙasa zuwa sama, kana ɗaure kowace mahaɗa. In ka gama, kama ka girgiza. In ya motsa duka gaba ɗaya kamar kwando, ya yi.

6. BAIBAYA

Daga ƙasa ake farawa. Ɗauki ciyawa cikin hannu, gindinta sama, kanta ƙasa, ka ɗaure ga tanka ta fari, ka matsa wata kusa da ita har ka zagayo. Hawa na biyu ya rufe rabin na fari, na uku ya rufe rabin na biyu, kamar yadda gashin kaza ke hawa kan juna. Ta haka ɗigon da ya sauka a sama zai yi ta gangarowa har ƙasa bai sami ƙofa ba. A ƙarshe ɗaure babban dami guda ta gindi, ka buɗe shi, ka kifa bisa tsinin kamar malafa.

Shiga ciki ka duba sama. Duk inda ka hangi haske, nan ruwa zai shigo; toshe shi. Gefen gabas ka ninka masa ciyawa, ka jingina 'yan itatuwa a kansa don kada iska ta yaye. Sa'an nan ka haƙa 'yar magudana kewaye da bukkar, bakinta ya nufi gangare. Ragowar ciyawa ka ɗaure ta tsakanin sanduna, ta zama tufaniya.

7. SHIMFIƊA DA WUTA

Kada ka kwanta a ƙasa tsura, domin ƙasa tana shanye ɗumin jiki dare farai. Tara busasshiyar ciyawa, ka kakkaɓe ta da sanda, ka shimfiɗa kaurin taƙi 1.

In kana da ashana ko ƙyastu, hura wuta a waje, taki 3 daga ƙofa, ka share ciyawar da ke kewaye. Ka ga wani amfanin ƙofar yamma ke nan: iska za ta kwashe tartsatsi ta yi gaba da shi, ba za ta kai shi kan jinka ba. Kada ka shigar da garwashi ciki ka rufe ƙofa, domin yana fitar da wata iska marar wari mai kashe mutum cikin barci. Ɗanyen ganyen sabara bisa wuta yana ba da hayaƙi mai rage sauro. Inda ake jin kukan kura, ja rassan ƙaya ka yi shinge.

Da safe kakkaɓe takalmi da riga kafin ka sa. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa. A Kaltungo ta Jihar Gombe, inda kububuwa ta yi yawa, har akwai asibiti na musamman domin wannan.

8. TASHI

Kafin ka tafi, kashe wutarka da ƙasa ko ruwa har ka iya taɓa tokar da hannu. Garwashi guda ya isa ya cinye daji da amfanin gonar mutane. Ka sani kuma akwai dazuzzukan da hukuma ta keɓe, kamar Yankari ta Jihar Bauci wadda aka keɓe a 1956. A irinsu ba a sara, ba a farauta sai da izini. Bukkar kuwa bar ta tsaye, watakila ta amfani wani bawan Allah a bayanka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ran da ba ka da aiki, kira ɗanka ku je bayan gari ku kafa guda, ku zuba mata tulun ruwa ku ga ko za ta yi yoyo.

TAMBAYOYI

1. Don me ba a kwana cikin busasshiyar ƙorama?
2. Ina ƙofar bukka za ta fuskanta? Kawo dalili 2.
3. Da waɗanne itatuwa ake samun igiya a daji?
4. Don me ake fara baibaya daga ƙasa?
5. Rubuta sunayen ciyayi 3 da ake baibaya da su a ƙasarku.