Baƙuwar ciyawa ta tsallake shinge

Wani mai kiwo a Shabu ya aiko da tambaya. Shekara biyu ke nan da ya shuka irin ciyawar kiwo da ya sayo, yanzu ta tsallake shinge ta shiga kunyoyin doyar maƙwabci, tumakinsa kuma kunnuwansu na kumbura.

Malam, fara da sanin ciyawar. Kama kara ɗaya ka ja a hankali. In ta kwanta a ƙasa tana kafa saiwa a gaɓoɓi, ganyenta gajere mai gashi-gashi, kanta ya miƙa 'yan rassa biyu zuwa huɗu da iri jere a kansu, to wataƙila Brachiaria decumbens ce. Asalinta gabashin Afirka, wajen Yuganda. A Burazil an shuka ta don shanu, ta bazu cikin dajin Cerrado ta danne ciyayin gida.

Shanu na samun ƙiba da ita, amma tumaki da awaki, musamman ƙanana, tana taɓa musu hanta. Ido ya yi rawaya, fuska da kunne su kumbura, fata ta kasa jure rana. Ka fitar da su yau, ka ɗaure su a inuwa, ka kira likitan dabbobi.

Kada mu ga laifin baƙuwa kaɗai. Gambar da muke zana da ita, an kai ta Ostireliya a shekarun 1930 don kiwo. Can ba mai yankan zana, sai ta tashi har mita 4, gobararta tana cin manyan itatuwa. A 2012 suka sa ta cikin jerin miyagun ciyayin ƙasa.

Taka ciyawar kuwa, kada ka sa mata wuta. Daga tushe take sake tohowa da ruwan fari. Ka yanke ta kafin ta fitar da kai, ka bi saiwar da fartanya, ka shanya abin da ka tono ya bushe ƙurmus. Ka bar fili tsirara, taku biyu, tsakaninta da gonar mutane, kana bi duk wata a damina. Irin da ya zube zai ci gaba da fitowa, aikin ba na shekara ɗaya ba ne.

Ka tuge guda da saiwa da kai, ka kai Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Shabu su tabbatar. Maƙwabcin kuwa, ka je da fartanyarka tun maganar ba ta kai gaban mai unguwa ba.