KIWON ZOMO: ABINCIN DA YA DACE DA SHI

Darasi domin ƙungiyoyin manoma na ikilisiyoyin Fulatan, Rogo da Karaye

Karatu kafin darasi: Karin Magana 12:10 da 27:23-27. Ayoyin nan suna magana a kan hakkin dabba da ke wuyan mai ita.

'Yan'uwa, gidaje da yawa sun soma kiwon zomo, wasu domin nama, wasu domin kuɗin makarantar yara, wasu kuwa yara ne suka ajiye don sha'awa. Kiwo ne mai kyau ga talaka. Zomanya takan yi kamar kwana 31 da ciki, ta haifi 'ya'ya 4 zuwa 8, kuma tana iya haihuwa sau huɗu a shekara. Saboda haka ne gwamnatin Gana ta kafa shirin kiwon zomo na ƙasa a 1972, lokacin da take kiran jama'arta su ci da kansu. Amma sau da yawa mutum yakan sayo zomaye da murna, kafin damina ta kewayo sun ƙare. Sai a ce annoba ce. Lalle akwai cututtukan zomo, amma yawancin hasarar nan daga kaskon abinci take farawa.

Abin da darasin nan yake so mu riƙe shi ne: ciyawa da harawa su ne tuwon zomo, dusa miya ce kawai.

1. YADDA ALLAH YA YI CIKIN ZOMO

Zomon gida ba ɗaya yake da zomon daji da maharba ke kamawa ba. Asalinsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal ne. Na daji yana yawo ya zaɓi abin da zai ci. Na gida kuwa yana kulle cikin keji, abin da ka miƙa masa shi ke nan. In ya rame, kai ka ramar da shi.

Akwai abu huɗu game da jikinsa da ya kamata kowane mai kiwo ya sani.

Na ɗaya, haƙoransa ba sa daina tsiro har ya mutu. Tauna ciyawa mai kaushi ita ke cinye su. Zomon da ake ba dusa zalla ko sauran tuwo, haƙoransa sukan yi tsawo su karkace, ya riƙa dalalar da miyau, ya kasa ci.

Na biyu, a wurin da ƙaramin hanji ya sadu da babba akwai wata babbar jaka cike da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke narka masa ciyawa. In aka cika shi da hatsi, ko aka sake masa abinci farat ɗaya, sai masu amfanin su mutu, miyagun su yi yawa. Daga nan sai zawo da kumburin ciki, ƙananan zomaye kuwa kwana ɗaya ko biyu ya isa su mutu.

Na uku, zomo yana kashi iri biyu. Akwai busasshe mai kama da ƙwayar wake wanda muke sharewa mu kai gona. Akwai kuma mai taushi wanda yakan fito galibi da dare ko da asuba, shi kuwa zomo yakan cinye shi nan take. Kada ku ɗauka ƙazanta ce. Ta haka yake samun abin gina jiki da bitamin da ƙwayoyin cikinsa suka tanada masa.

Na huɗu, zomo ba ya iya amai. Abin da ya haɗiya, mai kyau ko mugu, sai ya bi ta cikinsa.

2. CIYAWA DA GANYE

Da damina abinci yana ko'ina. Ciyayin da muka saba yanka wa awaki, watau kyasuwa, harkiya, kiri-kiri da gadagi, duk zomo yana ci. Cikin ganyaye akwai na dankalin Hausa, na wake, na gyaɗa, zogale, alayyafo, ganyen gwanda, ganyen ayaba da kan karas. Kowace rana a haɗa iri uku ko huɗu, ɗaya daga cikinsu ya zama na dangin wake ko zogale, gama su ne masu gina jiki.

A kiyaye waɗannan dokoki:

(a) Kada a ba da ciyawa mai raɓa ko wadda ruwa ya jiƙa. A yanka da safe, a shanya a inuwa ta yi yaushi, a bayar da yamma. Zomo ya fi cin abinci da dare.

(b) Kada a tara ɗanyar ciyawa cikin buhu ta kwana. Takan yi zafi ta lalace.

(c) A ɗaure ta dami-dami a rataye cikin keji. Ciyawar da zomo ya taka ya yi kashi a kai ita ke yaɗa cutar hanji mai kashe 'ya'ya.

(d) Kada a yanka a bakin hanya inda karnuka ke kashi, saboda tsutsar ciki.

(e) Kada a yanka a gona ko kan iyakar gonar da aka yi wa feshi. Yanzu da maganin kashe ciyawa ya shiga kusan kowace gona, wannan babban haɗari ne. Da yake yara ne suka fi zuwa yankan ciyawa, sai a nuna musu wuraren da za su je.

3. HARAWA: TANADIN RANI

Damina a ƙasarmu wata biyar ce ko ƙasa da haka. Daga Nuwamba zuwa Mayu daji ya bushe. Wanda yake da lambu a fadama, ko a bakin kogin Challawa da madatsar da aka gama ginawa kusa da Karaye a 1992, zai samu ganye ko da rani. Saura kuwa sai abin da suka tanada da kaka.

Harawar gyaɗa da ta wake ba su da na biyu ga zomo, gama suna da kaushin da hanji yake bukata, ga kuma abin gina jiki. A tattara su tun ganyen bai kakkaɓe ba, domin amfanin yana cikin ganyen ne. A ɗora a kan rumfa ko rufin ɗaki, inda ruwa da gara da awaki ba za su kai ba. Kowar wake ma a adana ta.

Ga lissafi. Babban zomo yakan ci kamar giram 100 na harawa a rana, har da wadda yake zubarwa. Kwana 210 na rani ke nan kilo 21. Mai namiji ɗaya da mata uku yana bukatar fiye da kilo 80, ba a ma sa na 'ya'yan da za a haifa ba. Kowa ya san yadda harawa ke arha da kaka, ta yi tsada a kasuwar Rogo da ta Karaye da bazara, sa'ad da masu kiwon raguna ke nemanta. Wanda ya sayar da tasa duka a Nuwamba, zai saye ta da kuka a Afrilu.

Sa'an nan in ruwan farko ya sauka, sabuwar ciyawa ta fito, kada a yi ɗoki. Ruwa ne ya yi mata yawa, takan sa zawo. A soma da kaɗan, ana haɗawa da harawa, ana ƙarawa har kwana bakwai zuwa goma. Ko da tsakiyar damina, kada keji ya rasa ɗan damin harawa.

4. DUSA DA HAƊINTA

Zomon da ba ya aikin komai zai rayu da ciyawa da harawa mai kyau. Amma mai ciki, mai shayarwa, da 'ya'ya masu girma suna bukatar ƙari. Masana sun nuna abincinsu ya kamata ya ƙunshi abin gina jiki kamar kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, dusar masara kuwa ba ta wuce wajen kashi 10 ba. Shi ya sa ake haɗa ta haka:

Dusar masara, ko ta dawa, ko ta gero: mudu 6
Dakakken ƙuli-ƙuli ko busasshiyar tunkuza, marar yaji: mudu 1
Garin ƙashin da aka ƙona aka daka: babban cokali 3
Gishiri: babban cokali 1

Wanda ba shi da ƙuli-ƙuli ya sa waken soya, amma sai an soya shi an niƙa, gama ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Dusar awara ma tana da kyau in an shanya ta ta bushe sarai.

Ma'auninmu gwangwanin madara ne. Namiji da macen da ba ta da ciki, gwangwani ɗaya a rana. Mai ciki, ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai shayarwa, uku ko iyakar abin da ta iya cinyewa. Ɗan da aka yaye, rabin gwangwani, ana ƙarawa sannu a hankali. A yayyafa ruwa kaɗan don kada garin ya shiga hancinsa, a bayar da sassafe, abin da ya rage bayan awa biyu a ba kaji. Kada a cika wa mace dusa har ta yi ƙiba, gama mai ƙiba ba ta ɗaukar ciki da sauƙi.

5. RUWA

Ana cewa zomo ba ya shan ruwa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, ta kuwa kashe zomaye da yawa. Zomo yana shan ruwa ƙwarai, balle da bazara, kuma mai shayarwa tana iya shanye rabin lita ko fiye a rana. In ba ruwa ba nono, kuma ƙishirwa tana cikin dalilan da kan sa uwa ta cinye 'ya'yanta. A sa ruwa mai tsabta cikin kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba, a wanke shi kullum. Zafi yana hana zomo cin abinci, saboda haka keji ya zauna a inuwa inda iska ke ratsawa.

6. ABIN DA BA A BA ZOMO

Tunfafiya, zaƙami, zurma da cini-da-zugu dafi ne. Haka ganyen tumatir da na dankalin Turawa. Ƙaramar dawa da gyauronta suna da guba, kamar yadda makiyaya suka sani. Ganyen rogo da ɓawonsa sai an shanya sun bushe, a kuma ba da kaɗan. Angurya ta shanu ce, a bar musu. Duk abin da ya yi fumfuna, ko dusa ko gyaɗa ko harawa, a zubar, gama gubar fumfuna tana lalata hantar zomo. Abincin kajin gona kuma wani lokaci ana sa masa maganin da ke kashe zomo. Karas da ɓawon rake, tun da zaƙi gare su, ɗan taɓawa ne. In ana so ya samu abin gaigaya, a sa masa reshen gwaiba.

7. ALAMUN DA ZA A DUBA

Kowace safiya a duba ƙarƙashin keji. Kashi mai yawa, manya, busassu, alamar lafiya ce. In ya ƙanƙance, ko ya ragu, ko ya zama ruwa, a janye dusa da ɗanyen ganye, a bar shi da harawa da ruwa. Zomon da ya yini bai ci ba yana cikin haɗari, a nemi malamin dabbobi ba da jinkiri ba. Ƙungiyar da ke son ƙarin bayani tana iya tambayar malamin gona na KNARDA, ko ta aiki wakili zuwa cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, inda suke da sashen zomaye.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Cikin zomayen da suka mutu a gidajenmu bara, a wane wata aka fi hasara? Me suke ci a lokacin?
2. Waɗanne ciyayi da ganyaye ne ake samu kusa da ƙauyenmu da rani?
3. Ƙungiyarmu za ta iya yin rumfar harawa guda, ta kuma shuka zogale kewaye da filin sujada?
4. Zumuntar Mata masu yin ƙuli-ƙuli da awara, ta yaya za su haɗa kai da masu kiwo?

AIKI KAFIN TARO NA GABA

Kowa ya ƙidaya zomayensa, ya lissafta harawar da za ta kai su ƙarshen Mayu, ya kawo lissafin ga magatakarda. A rufe taro da addu'ar godiya domin dabbobin da Allah ya danƙa a hannunmu.