Abin Da Za A Yi In Monita Ta Ƙi Kawo Hoto Bayan An Sabunta Kwamfuta

Jama'ar ƙasar Bagudo, tun daga Ka'oje da Illo har Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Benin, wannan takarda taku ce, musamman akawuna da malaman makaranta da masu shagon buga takardu. Da yawanku kuna jona ƙaramar kwamfuta ta tafi-da-gidanka da babban allo, watau monita, don aiki ya yi sauƙin gani. Wata rana sai a wayi gari allon ya yi baƙi ƙirin, alhali jiya lafiya lau aka tashi. Kada ku yi garaje ku ce ya mutu, ku kashe kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi neman mai gyara. Sau da yawa babu abin da ya ƙone.

Ga dalili. A cikin kwamfuta akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira direba. Aikinta kamar na tafinta ne a kasuwar iyaka, ita ke isar da maganar kwamfuta ga allo. Kamfanin Microsoft yakan aiko da sabuntawar Windows ranar Talata ta biyu a kowane wata. Wani lokaci sabuntawar takan sake wannan tafinta, ta kawo wanda allonku ba ya jin harshensa.

Da fari ku duba waya. Ku zare wayar HDMI ko VGA, ku kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramin, ku mayar da ita sosai. Ku tabbata wuta na shiga allon, kuma an saita shi a kan ƙofar da wayar take. In akwai talabijin kusa, ku jona kwamfutar da shi. Idan hoto ya fito, laifin na allo ne ko na wayarsa. Idan bai fito ba, sai a koma kan kwamfuta.

Na biyu, ku danne maɓallin Windows tare da harafin P, ku zaɓi Duplicate ko Extend. Wanda kwamfutarsa ta fito daga Kwatano tana Faransanci zai ga Dupliquer ko Étendre, ma'anarsu ɗaya. In shiru, ku danne Windows da Ctrl da Shift da B gaba ɗaya. Allo zai ƙifta, direba ta farfaɗo. Sa'an nan ku sake ta da kwamfutar ta hanyar Restart.

Na uku, ku buɗe Device Manager, ku shiga Display adapters, ku buɗe sunan da ke ƙarƙashinsa, ku nemi Driver, ku danna Roll Back Driver. Wannan zai komo da tsohon tafinta. In wurin ya ƙi dannuwa, ku ɗauko direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, kamar HP ko Dell ko Lenovo. Kada ku karɓi ta wani shafi da ba ku sani ba, don ta nan ɓarayi ke shigo da cuta.

Na huɗu, ku shiga Windows Update, ku duba Update history, ku cire sabuntawar ƙarshe. In kuwa babbar sabuntawa ce wadda ta sake Windows ɗungum, kwana 10 kaɗai aka ba ku na komawa tsohuwa. Saboda haka kada ku yi jinkiri. Kafin ku taɓa kome, ku kwafe takardunku a filas, kuma kada ku fara sai batir ya cika, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya jawo ɓarnar da ta fi ta farko.

Wani zai ce, to, ai sai a hana sabuntawa ke nan a huta. A'a, ita ce ke toshe ƙofofin da ɓarayi ke bi. Windows 11 ta yarda a dakatar da ita har mako 5, ku yi haka in kuna da aikin gaggawa, kamar lokacin rajistar jarrabawa. Ku sani kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar dā tun 14 ga Oktoba, 2025.

In duk an bi waɗannan hoto bai zo ba, sa'an nan ne za a nemi mai gyara, a tafi da kwamfutar da allon da wayar duka. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.