Yadda Dattijo Zai Tsare Ƙarfin Tsokarsa da Ƙashinsa

A gidajenmu, da zarar dattijo ya sunkuya zai ɗauki bokiti, sai yaro ya rugo: "Baba, kawo, ka huta." Tarbiyya ce mai kyau, ba mai ja. Amma hutun da ya wuce kima yakan kwantar da tsoho tun da sauran ƙarfinsa.

Ga dalili. Daga shekara 30 tsokar mutum takan fara zubewa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, bayan 60 kuwa sai abin ya ƙara gudu. Ƙashi ma rayayye ne, kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo. Tun 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ginuwa ne gwargwadon nauyin da ake aza masa. In aka daina azawa, sai ya yi ta sirancewa ba ciwo ba alama. Mata sun fi shiga haɗari bayan ɗaukewar al'ada, shi ya sa ɗan santsi a banɗaki yakan karya wa tsohuwa kwatangwalo. A da daka da jan guga suna yi wa jiki wannan aiki. Yau injin niƙa da famfo sun karɓe shi a birane.

To, wanda ya riga ya tsufa fa, ya makara ke nan? A'a. A 1990 Likita Maria Fiatarone da abokan aikinta suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a gidan tsofaffi a Boston ta Amurka. Mutum goma ne, masu shekara 86 zuwa 96, duk jiki ya yi rauni. Sau uku a mako ana zaunar da su suna ɗaga nauyi da ƙafa. Bayan mako takwas, ƙarfin ƙafar taran da suka kammala ya kusa ninkawa uku. Biyu daga cikinsu har suka ajiye sanda.

A Jami'ar Griffith ta Ostareliya kuma an sa matan da al'ada ta ɗauke musu ɗaga ƙarfe mai nauyi, minti talatin sau biyu a mako, malamai na tsaye a kansu. Cikin wata takwas ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin ɗari, na matan da ba a sa su ɗaga ƙarfen ba kuwa raguwa ya yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce kowane baligi ya ƙarfafa tsokarsa aƙalla kwana biyu a mako. Mai shekara 65 zuwa sama ya haɗa da atisayen tsayuwa daram, kwana uku. Tattaki zuwa masallaci ko kasuwa yana gyara zuciya, amma shi kaɗai bai wadatar ba.

Ba sai an sayi komai ba. A jingina kujera da bango, a zauna, a harɗe hannu a ƙirji, a miƙe ba tare da dafawa ba, sannan a koma a hankali, kada a faɗa jagwab. A yi sau takwas zuwa goma sha biyu, a huta, a sake. A dafa bango a tura jiki. A zuba ruwa a jarka a riƙa ɗagawa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka lissafi ba wuya. In ya zama wasa, a ƙara ruwa, domin sai tsoka ta ɗan ji jiki take ginuwa. Kada a riƙe numfashi yayin ɗagawa. A ci wake, awara, ƙwai da kifi, a sha nono.

Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa karaya, ya fara ganin likita tukuna. Ku kuma 'ya'ya da jikoki, ku tsaya kusa ku tare faɗuwa, amma ku bar Baba da Inna su tashi da ƙafarsu.